Edward Jenner: Likitan da Ya Karya Lagon Agana

Yawancin dattawanmu a Daura suna da tabon lamba a dantse, amma kaɗan ne cikinmu suka san mafarinta. An haifi Edward Jenner a Berkeley ta Ingila a 1749. Likitan ƙauye ne da ya bi diddigin zancen makiyaya, cewa mai tatsar da ta ɗauki ƙurajen hantsar saniya agana ba ta kama ta. A 1796 ya tsaga hannun wani yaro ɗan shekara 8, ya shafa masa ruwan ƙurjin, daga baya ya gwada shi da agana (kasadar da ba za mu lamunta ba a yau), yaron bai kamu ba. Masanan Landan suka ƙi buga rahotonsa, shi kuwa ya buga da kuɗinsa a 1798. Ya mutu a 1823, agana kuma ba ta bar Nijeriya ba sai 1970.