Gustave Le Gray, Bafaranshen da ya haɗa sama da teku a hoto guda

Duk wanda ya taɓa ɗaukar hoton baƙo a bakin taga da rana tsaka ya san matsalar: in fuska ta fito, waje ya yi fari fat, in waje ya fito, fuska ta yi duhu. Kyamarorin zamani suna magance wannan da fasahar HDR, wato su ɗauki hotuna da dama, kowanne da nasa ma'aunin haske, su haɗe su wuri guda. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma cikin waɗanda suka fara ta akwai Gustave Le Gray.

An haife shi a 1820 a Villiers-le-Bel, kusa da Paris. Zane ya fara koya a hannun Paul Delaroche kafin ya koma ɗaukar hoto. A 1851 yana cikin mutum biyar da gwamnatin Faransa ta aika su ɗauko hotunan tsofaffin gine-ginen ƙasar.

Hotunan teku ne suka fito da sunansa, a 1856 da 1857. Sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a lokacin yana saurin kama shuɗin haske, saboda haka kafin ruwa ya fito sosai, gajimare ya riga ya ɓace. Sai Le Gray ya riƙa ɗaukar sama a gilashi ɗaya, teku a wani, sannan ya wanke su a takarda guda, mahaɗarsu daidai inda ruwa ya taɓa sama. Wani lokaci ma gajimare ɗaya yake ɗora wa teku daban-daban, abin da editan labarai na yau ba zai lamunta ba.

Gwanintarsa ba ta kai ga riƙon kuɗi ba. Duk da aikin da ya yi wa Sarki Napoleon III, bashi ya yi masa katutu. A 1860 ya bar matarsa da 'ya'yansa ya bi jirgin ruwan marubuci Alexandre Dumas, ya ɗauki hoton Garibaldi a Palermo, bai sake komawa Faransa ba. Ya ƙare a Alƙahira yana koyar da zane, ya rasu a can a 1884.

A 1999 aka yi gwanjon hotonsa na igiyar ruwa a gaɓar Sète a Landan, kan fam 507,500.