Fernand Widal, likitan da sunansa ya zama gwajin taifot

A Kanan-Bakashe, kamar a Mayahi da Tasawa da Maraɗi, idan zazzaɓi ya ƙi sauka, ciki kuma yana murɗawa, sau da yawa akan tura marar lafiya ya yi gwajin Widal. Wannan sunan wani likita ne ɗan Faransa, Georges-Fernand Widal, wanda aka haifa a garin Dellys na ƙasar Aljeriya ranar 9 ga watan Maris na 1862. Mahaifinsa likitan soja ne. Ya yi karatun likita a birnin Paris, a can kuma ya yi aikinsa har ƙarshen rayuwarsa.

A zamaninsa taifot na kashe mutane da yawa a biranen Turai da barikokin soja. Ƙwayar cutar tana shiga ciki ta ruwa ko abincin da bayan gida ya gurɓata, ta sauka a ƙarshen ƙaramin hanji, daf da inda yake haɗuwa da babban hanji. Wurin sai ya kumbura, ya yi gyambo, kuma idan ba a samu magani ba, hanjin yana iya hujewa wajen mako na uku. Karl Eberth ya gano ƙwayar tun 1880, amma likitoci sun ci gaba da shan wahala wajen bambanta ta da sauran zazzaɓi.

A shekarar 1896 Widal ya nuna hanya mai sauƙi. Ya haɗa ruwan jinin marar lafiya da ƙwayoyin taifot da aka raina a ɗakin bincike. Idan jikin mutum ya fara yaƙi da cutar, sai ƙwayoyin su dunƙule gudaji-gudaji. Ya ɗora aikin ne kan binciken Max von Gruber da Herbert Durham, amma shi ne ya mayar da shi gwajin da likita zai yi wa marar lafiya.

Sai dai gwajin yana da iyaka. A kwanakin farko na ciwo yakan nuna babu komai, alhali cutar na nan. Yakan kuma nuna akwai ta a jikin wanda ya warke tun da daɗewa, ko mai zazzaɓin cizon sauro. Ƙari a kan haka, ba taifot kaɗai ke kumbura wannan sashe na hanji ba: akwai tarin fuka na hanji, da ƙwayar Yersinia, da cutar da Burrill Crohn da abokan aikinsa suka bayyana a 1932, ga kuma ciwon afendis da ke kama da su. Shi ya sa likitoci suka fi dogara da rainon ƙwayar cuta daga jini da hoton ciki. Idan kuwa cikin mai zazzaɓi ya sandare da ciwo mai tsanani, sai a gaggauta kai shi asibitin da ake tiyata, ba a tsaya jiran gwaji ba.

Widal ya kuma yi bincike kan ciwon ƙoda, inda ya nuna yadda gishiri ke tara ruwa a jiki har ya kumbura. A lokacin yaƙin duniya na farko ya ba da gudummawa wajen yi wa sojojin Faransa rigakafin taifot. Ya rasu a Paris ranar 14 ga watan Janairu na 1929, kuma har yau akwai asibiti a birnin da ke ɗauke da sunansa.