Sarauniya Amina ta Zazzau: Macen da Ta Kewaye Garuruwa da Ganuwa

A wannan makon filinmu na tarihin magabata ya leƙa ƙasar Zazzau. Kafin mu fara rubutu mun zagaya azuzuwa muna tambaya ko mace ta taɓa riƙe sarauta a ƙasar Hausa. Wasu sun ambaci Daurama ta Daura, wasu kuwa dariya suka yi mana. Shi ya sa muka ga ya kamata mu kawo muku tarihin Sarauniya Amina.

Asalinta

Amina 'yar gidan sarautar Zazzau ce. A labarin da aka fi sani, mahaifiyarta ita ce Bakwa Turunku, wadda ta mulki Zazzau, shi ya sa ake kiranta Amina 'yar Bakwa. Garin Turunku yana nan har yau a ƙaramar hukumar Igabi ta Jihar Kaduna. Tana da ƙanwa mai suna Zariya, kuma ana cewa daga sunanta birnin Zariya ya samo suna.

Masana sun kasu biyu game da zamaninta. Littafin Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438. Labarin Zazzagawa kuma ya nuna ta hau karaga a wajen 1576, bayan rasuwar ɗan'uwanta Sarki Karama. Amma duk sun yarda cewa mace ce mai ƙarfin mulki.

Tasowarta

An ce tun tana ƙarama ba ta rabuwa da fada. Tana zama kusa da kakanta tana sauraron yadda ake shari'a da yadda ake shawarar yaƙi. Da ta kai shekara 16 aka naɗa ta Magajiya. Ba ta tsaya ga ado da kwalliya ba, sai ta koyi hawan doki da riƙon takobi tare da mayaƙa. A zamanin Karama ta riƙa fita yaƙi har ta yi suna. Saboda haka da sarauta ta faɗo, mayaƙa sun riga sun san ko ita wace ce. Hausawa suka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mulkinta

Tarihin Kano ya nuna ta shafe shekara 34 tana yaƙe-yaƙe, ta ci garuruwa har zuwa Kwararrafa da Nufe. Sarkin Nufe ya aiko mata da bābanni 40 da goro 10,000. Littafin ya ƙara da cewa a zamaninta ne kayayyakin ƙasashen yamma suka riƙa shigowa ƙasar Hausa. Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ma ya ambace ta a littafinsa Infaƙul Maisuri, inda ya nuna har Kano da Katsina sun biya ta haraji. Da muka karanta wannan sai da muka yi shiru, mu da muke Katsinawa. Amma tarihi ba a yi masa kwaskwarima don a faranta wa wani rai.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ganuwa. An ce duk inda ta yada zango sai ta sa a kewaye wurin da katangar ƙasa mai kauri, a haƙa gwalalo a bayanta, a bar ƙofofin da ake rufewa da dare. Daga baya wuraren suka zama garuruwa. Har yanzu akwai tsofaffin ganuwoyi a ƙasar Hausa da ake kira ganuwar Amina. A cikin ganuwa manomi yana barci da ido biyu rufe, hatsinsa na rumbu, dabbobinsa na turke. Fatake kuma suna samun masauki, su kwana lafiya da jakunansu da kayansu, gari ya waye su ci gaba da tafiya.

Mu 'yan Safana ba sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba. Muna zaune a gefen Dajin Rugu. Mun ga 'yan uwanmu daga ƙauyukan Safana da Batsari sun baro gidajensu da gonakinsu saboda 'yan bindiga. A ajinmu akwai kujerun da masu su ba su dawo ba. Saboda haka da muka ji labarin shugabar da ta mai da tsaron gari da tsaron hanya babban aikinta, mun gane darajarta tun kafin malam ya yi mana bayani.

Rasuwarta

Muhammadu Bello ya nuna ta rasu ne a wani wuri mai suna Atagara, wanda ake cewa yana kusa da Idah a Jihar Kogi ta yau. Wato ta rasu nesa da gida, a bakin aikinta. Yau akwai makarantar 'yan mata ta Queen Amina College a Kaduna, akwai kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Ba ita kaɗai ba ce

A sauran ƙasashen Musulmi ma mata sun riƙe mulki. Sarauniya Arwa ta daɗe tana mulkin Yaman har ta rasu a 1138, kuma masallacin da ta gina a garin Jibla yana nan. Raziya ta zama sarauniyar Delhi ta ƙasar Indiya daga 1236 zuwa 1240. Shajaratud Durri ta hau karagar Masar a 1250, aka buga kuɗi da sunanta, aka ambace ta a huɗubar Juma'a.

Kiranmu

Amina ba rana ɗaya ta zama sarauniya ba. Ta zauna ta saurara, ta koya, ta jure. Mu yanzu ba takobi za mu ɗauka ba, biro da littafi ne a hannunmu. Muna roƙon iyayenmu su bar 'yan mata su gama karatu, domin ba a san wadda za ta gina wa garinmu tasa ganuwar ba. Ku kuma 'yan uwanmu maza da kuka yi dariya, ga amsarku a jikin bango.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a Safana da Batsari da ƙasa baki ɗaya, amin. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, ɓangaren ƙaramar sakandare