Peter Joseph Lenné: Mai lambun da ya shimfiɗa inuwa a kan rairayin Berlin

Duk wanda ya taɓa ratsa hanyar Kazaure zuwa Babura a tsakiyar bazara ya san darajar inuwa. Ƙasar da ke kewaye da biranen Berlin da Potsdam na Jamus ita ma jigawa ce mai rairayi, ba ta riƙe ruwa. A kanta ne Peter Joseph Lenné ya shafe kusan shekara 50 yana dasa itatuwa da tsara wuraren shaƙatawa.

An haife shi a birnin Bonn ranar 29 ga Satumba, 1789, a gidan da aikin lambu ya zama gado, domin mahaifinsa mai kula da lambunan fada ne. Ya ƙaro ilimi a Paris a 1811, ya yi aiki a lambunan sarauta na Vienna, sannan a 1816 ya kama aiki a Potsdam a matsayin ƙaramin ma'aikacin lambun Sarkin Prussia. Daga nan ya yi ta hawa, har a 1854 aka ɗora shi a kan dukkan lambunan masarautar.

Tsarinsa shi ne ya bi yanayin ƙasa yadda ya same ta. Yakan karkata hanyoyi, ya haɗa itatuwa rukuni-rukuni, ya bar sarari tsakaninsu, ta yadda mai tafiya zai hango tafki ko gini daga nesa. Da wannan salo ya faɗaɗa lambun fadar Sanssouci, inda ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da shahararren magini Karl Friedrich Schinkel.

Sai dai aikinsa bai tsaya a fada ba. A 1824 ya zana wa birnin Magdeburg lambun jama'a, ɗaya daga cikin na farko a Jamus da hukumar gari ta yi domin talakawa. Tsakanin 1833 da 1840 ya gyara Tiergarten, tsohon dajin farautar sarakuna a Berlin, ya janye ruwan fadamarsa, ya fitar da hanyoyi da tafkuna. Har yau ma'aikata da 'yan kasuwa na hutawa a cikinsa.

Ya kuma gane cewa dashe ba ya ɗorewa sai da mai raino. Saboda haka a 1823 ya jagoranci kafa makarantar koyon aikin lambu da gandun rainon itatuwa. Ɗalibinsa Gustav Meyer ne ya zama shugaban lambunan birnin Berlin na farko a 1870.

Shi ma ya gamu da cikas. A 1833 ya fara lambun Babelsberg na Yarima Wilhelm a kan tudun rairayi, ba tare da isasshen kuɗi ko hanyar ban ruwa ba. Itatuwa da yawa suka bushe, ra'ayinsa ya saɓa da na uwargidan yarima, aka karɓe aikin aka ba abokin gogayyarsa, Hermann von Pückler-Muskau. Lambun bai farfaɗo ba sai da aka kafa injin jawo ruwa daga Kogin Havel.

Lenné ya rasu a Potsdam ranar 23 ga Janairu, 1866. A 1990 Hukumar UNESCO ta sanya fadoji da lambunan Potsdam da Berlin cikin kayan tarihin duniya.

Jihar Jigawa na cikin jihohin da ke fama da kwararowar hamada, kuma kowace damina ana bikin dashen itatuwa. Abin da ya faru a Babelsberg ya isa ishara ga masu tsara wannan aiki: kafin a haƙa ramin dashe, a fara tanadar ruwan rani da wanda zai yi rainon.