Mutumin da ƙarfe ya huda wa kai

An haifi Finiyas Gej a Amurka cikin shekara ta 1823. Shi ne shugaban leburori a wurin aikin hanyar jirgin ƙasa, cikin jihar Barmont. Mutum ne mai hankali, mutanensa suna son shi.

Aikinsa fasa duwatsu ne. A gina rami cikin dutse, a zuba albarushi, a rufe da rairai, sannan a danna da sandar ƙarfe. Ran 13 ga watan Satumba 1848, yana cikin dannawa sai albarushi ya kama. Sandar, mai tsawon mita guda da ƴan kai da nauyin kilo 6, ta shiga ta kumatunsa na hagu, ta fito ta bisa kai, ta faɗa can nesa.

Abin mamaki, bai mutu ba! Aka kai shi gari bisa amalanken shanu, yana zaune, har yana magana. Likita Harlo ya yi jinyarsa. Raunin ya warke, amma idon hagu ya mutu.

To, sai hali ya canza. Likitan ya rubuta cewa Gej ya koma mai zagi da rashin haƙuri, ba ya jin shawara, ba ruwansa da ko ran wani ya ɓaci. Abokansa suka ga ba wanda suka sani ba ne. Masu aikin suka ƙi maida shi matsayinsa.

Mu kan ce tausayi a zuci yake. Amma zuciyar Gej lafiyarta lau. Abin da ƙarfe ya ɓata shi ne ƙwaƙwalwar da ke bayan goshi. Yau likitoci suna da na'urar hoton ƙwaƙwalwa, sun ga wannan wuri yana cikin waɗanda ke aiki in mutum yana auna halin da ɗan'uwansa yake ciki.

An daɗe ana cewa Gej ya lalace ke nan. A ganina an zalunce shi. Ya tafi ƙasar Shili, ya yi kusan shekara 7 yana tuƙa keken fasinja mai doki 6. Wa zai bai wa mahaukaci dawaki da rayukan mutane? Wasu masana suna ganin wannan aiki ne ya sake koya masa zama da jama'a.

Farfaɗiya ta kashe shi a Sanfaransisko cikin 1860, yana da shekara 36. Ƙoƙon kansa da sandar suna ajiye a makarantar likitoci ta Habad, a birnin Boston.