Bature Mai Magani: Attajirin Da Ya Rabu Da Kantunansa

A wannan fitowar, filinmu na tarihin mutanen da zai leƙa rayuwar wani Bature Kirista da ya zauna a ƙasarmu ta Kontagora, wato Dokta Andrew Stirrett, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Addininmu daban, nasa daban, amma halin wadar zuci abin dubawa ne ko a wurin wa aka gan shi, balle ga mu 'yan kasuwa.

An haifi Stirrett a ƙasar Kanada a 1865. Ya koyi haɗa magunguna, ya buɗe kantuna biyu na sayar da magani a birnin Toronto, ya kuma mallaki gidaje. In da a nan ne, sai mu ce kasuwa ta yi masa albarka. Yana cikin wannan daula ya karanta wata ƙasida ta Rowland Bingham, jagoran ƙungiyar mishan da aka sani da SIM, a kan ƙasashenmu na Sudan.

Ba tafiyar daɗi aka kira shi ba. A ƙarshen 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin shigowa Arewa: Bingham, da Walter Gowans, da Thomas Kent. Gowans ya faɗa hannun mayaƙan Sarkin Sudan na Kontagora, ya rasa kayansa, aka sake shi, sannan ciwo ya kashe shi a Girku, kusa da Zariya, a 1894. Kent ma ya mutu a Bida a shekarar. Bingham kaɗai ya koma gida, da zazzaɓi a jikinsa. Da ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓin ya sake kora shi.

Duk da haka Stirrett ya ɗaura niyya, yana ɗan shekara 37. Ya miƙa dukiyarsa ga ƙungiyar, ya hau jirgin ruwan dakon shanu zuwa Ingila don kada ya ɓata kuɗin jirgi. Ku duba fa, mai kanti biyu a cikin shanu! A Libaful ya ƙaro ilimin cututtukan ƙasashe masu zafi, ya iso Patigi a 1902. A 1904 SIM ta buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru inda hedkwatar Turawa take a lokacin, Stirrett ya yi aiki a nan cikin Hausawa.

Tsarin ƙungiyar tasu shi ne babu tsayayyen albashi. Abin da masu taimako suka aiko shi ake rabawa, in ya yi yawa a gode, in ya yi kaɗan a yi haƙuri. A wasiƙarsa ga Filibiyawa, Bulus yana koyar da cewa mai bi ya iya zama da ƙoshi, ya kuma iya zama da yunwa, ba tare da zuciyarsa ta sauya ba. A haka Stirrett ya rayu. Bai yi aure ba, bai sake tara abin duniya ba.

Amma kada a ɗauka dogararsa ta naɗe hannu ce. Shi ne ya matsa wa abokan aikinsa su riƙa shan kwinin kullum, abin da ya rage mace-macen da zazzaɓin cizon sauro yake yi musu. Ya dage ya koyi Hausa har ya shiga cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki, wanda aka buga a 1932. Daga baya ya koma Jos, inda aka san shi da tsayawa wa'azi a kasuwa. A can ya mutu a 1948, bayan shekara 46 da fara zuwansa ƙasar nan. Ikilisiyar ECWA, da aka kafa a 1954, daga aikin SIM ta fito.

To, ina ruwanmu da wannan labari? Mu ma baƙi ne da neman abinci ya kawo iyayenmu nan, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, wasu daga Sakkwato. A makarantar Islamiyya an karantar da mu ƙana'a da tawakkali, mun haddace. Sai dai ranar da masara ta yi tsada, wani ya ɓoye buhuna yana jiran ta ƙara tashi. Ranar da kasuwa ta faɗi, wani ya taɓa mudu, wani ya cinye kuɗin amanar abokin ciniki da ya aiko daga gida. Samu ya sa mu girman kai, rashi ya sa mu ha'inci. Duka biyun ciwo ɗaya ne, zuciyar da ba ta yarda cewa arziki na Allah ba ne.

Ba cewa ake kowa ya rufe shagonsa ba. Iyali na da hakki, nema kuma wajibi ne. Abin da ake so shi ne mu nema da gaskiya, mu sha namu kwinin na lissafi da tattali, sannan mu bar wa Allah sauran. Zafin nema ba ya kawo samu, bakin da Allah ya tsaga kuwa ba ya hana shi abinci.

Allah ya ba mu wadar zuci, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.