King Gillette: Mai tallan da ya ƙirƙiro rezar da ake yarwa

Da wuya a samu mai tireda a Samaru, ko mai shagon kayan masarufi a kasuwar Sabon Garin Zariya, da ba ya ajiye reza. Ana sayar da ita ɗaya-ɗaya, a naɗe cikin 'yar takarda, kuma tana cikin kayan da suka fi araha a kan tebur. Tela yana farke ɗinki da ita, ɗan makaranta yana fiƙe fensir, uwa tana yanke wa yara farce, mai aski yana daidaita gefen gashi. Aikin da aka ƙirƙiro ta dominsa, wato a ɗaura ta a kan mariƙin ƙarfe a yi gyaran fuska, shi ne wanda aka fi mantawa da shi a nan. Wanda ya kawo ta duniya wani Ba'amurke ne mai suna King Camp Gillette. Ba sarki ba ne, King sunansa ne na yanka.

An haife shi ranar 5 ga Janairun 1855 a garin Fond du Lac da ke Jihar Wisconsin, amma a birnin Shikago ya tashi. Mahaifinsa yana harkar kayan ƙarfe kuma mutum ne mai son ƙirƙire-ƙirƙire. Mahaifiyarsa, Fanny, ta yi suna daga baya da wani littafin girke-girke da ya fito a 1887. Yana ɗan shekara 16 babbar gobarar Shikago ta 1871 ta laƙume dukiyar gidansu, iyalin suka koma Niyok, shi kuwa ya shiga yawon tallan kayan kamfanoni daga gari zuwa gari. A wannan sana'a ya shafe fiye da shekara 20, yana ƙirƙiro ƙananan abubuwa a gefe, babu wanda ya kawo masa kuɗin kirki.

Sa'arsa ta zo ne ta hanyar murfin kwalba. Ya samu aiki a kamfanin Crown Cork and Seal na birnin Baltimore, wanda William Painter ya kafa. Painter shi ne ya ƙirƙiro murfin ƙarfe mai haƙora da har yau ake rufe kwalbar lemo da shi. Ya shawarci Gillette da ya nemi wani abu irin wannan, wanda za a yi amfani da shi a yar, a dawo a sayi wani. Shawarar ta zauna masa a rai shekaru.

Don a gane girman abin da ya yi, sai a duba yadda aski yake kafin zuwansa. Abin da Bature yake yi a wancan zamani bai bambanta sosai da na wanzamin ƙasar Hausa ba. Aska ce guda ta ƙarfe mai kauri, a wasa ta a dutse, a goga ta a fata, a jiƙa gashi da ruwa da sabulu, sannan hannun da ya ƙware ya bi da ita. Mai kuɗi yana zuwa wurin mai aski, wanda ba shi da hali ya yi da kansa ya sha yanka. A wurinmu ma wanzanci ya wuce aski. Wanzami da zabirarsa shi ne mai ƙaho, mai shayi, mai cire belu, mai askin suna, kuma sana'a ce ta gado mai sarautarta, Sarkin Aska. Ƙwarewar gaba ɗaya tana hannun mutumin. Gillette ya nemi ya mayar da ita cikin ƙarfen.

A 1895, yana da shekara 40, wata safiya ya tarar abin askinsa ya dakushe har guga a fata ba za ta gyara shi ba, sai an kai wa mai washi. Nan tunani ya zo masa cewa duk kaurin ƙarfen nan ba ya aikin komai illa riƙe bakin da ke yanka. Me zai hana a yi baki kawai, daga fallen ƙarfe siriri, mai kaifi a gefe biyu, a matse shi tsakanin faranti biyu a kan mariƙi, in ya dakushe a yar? Faɗa ta fi aikatawa sauƙi. Masanan ƙarfe da ya tuntuɓa sun nuna masa cewa ƙarfe mai wannan siranta ba zai taurara ya riƙe kaifi ba. Shekara shida ya yi yana fama, abokai suna yi masa dariya, har ya haɗu da William Emery Nickerson, wanda ya yi karatu a Cibiyar Fasaha ta Massachusetts. Nickerson ne ya ƙera injinan taurara fallen ƙarfen da wasa shi. A gaskiya rabin ƙirƙirar tasa ce, amma ba sunansa ne ya hau takarda ba.

An kafa kamfanin a birnin Boston a watan Satumban 1901. A 1903, shekarar da aka fara sayarwa, mariƙi 51 da reza 168 kacal aka sayar. Shekara guda bayan nan mariƙan da aka sayar suka haura 90,000, kuma a ranar 15 ga Nuwamban 1904 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasahar. Ana yawan koyar da ɗaliban kasuwanci cewa Gillette ya karyar da farashin mariƙi ne don ya ci riba a kan reza. Ba haka abin ya faro ba. Dala 5 yake sayar da mariƙin, kusan rabin abin da ma'aikaci yake samu a mako a lokacin, kuma bai sauko ba sai da wa'adin takardar mallakarsa ya ƙare a 1921, kowa ya samu damar yin irin nasa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya kammala masa talla. Sojan da ke cikin rami yana buƙatar fuska a aske domin abin kariya daga iskar guba ya zauna daidai, don haka a 1918 rundunar Amurka ta karɓi mariƙi miliyan 3.5 da reza fiye da miliyan 30. Samarin suka koma gida da sabuwar al'ada. Hotonsa da gashin bakinsa yana kan takardar kowace reza, har ya zama ɗaya daga cikin fuskokin da aka fi sani a duniya.

Sai dai akwai wani Gillette da masu sayen reza ba su sani ba, kuma shi ne wanda ya fi ɗaukar kansa da muhimmanci. Tun a 1894, kafin tunanin reza ya zo masa, ya wallafa littafi mai suna The Human Drift, inda ya ɗora laifin talauci da ɓarnar dukiya a kan gasar 'yan kasuwa. Maganin da ya kawo shi ne a haɗe dukkan masana'antu a kamfani guda mallakar jama'a, a kuma tara mutum miliyan 60 a birni ɗaya kusa da magangarar ruwan Niagara, wadda za ta ba su lantarki. A 1910 ya yi wa wannan kamfani na duniya rajista, ya yi wa tsohon Shugaban Amurka Theodore Roosevelt tayin shugabancinsa a kan Dala miliyan ɗaya. Roosevelt bai karɓa ba. A 1924 ya sake fitar da wani littafin da taimakon marubuci Upton Sinclair. Mutumin da ya tsani gasa da almubazzaranci shi ne ya tara dukiya da abin da ake yarwa, a ƙarƙashin takardar da ta hana kowa gogayya da shi. 

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Tun 1910 ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa ga John Joyce, attajirin da suka daɗe suna ja-in-ja a kan ikon kamfanin, ya zama shugaba a suna kawai. Ya koma Kalifoniya ya zuba kuɗi a filaye da gonaki da gine-gine. Rushewar kasuwar hannun jari ta 1929 ta ci dukiyarsa, sannan rigima da Henry Gaisman, mai kamfanin AutoStrop, a kan fasalin ramin da ke tsakiyar reza ta ƙare da haɗewar kamfanonin biyu a 1930, Gaisman a sama. Rezar farko ramuka uku ne da ita. Doguwar tsagar nan mai lanƙwashe-lanƙwashe da muke gani yau daga wannan zamani ta samo asali. Gillette ya rasu a Los Angeles ranar 9 ga Yulin 1932, yana da shekara 77, ya bar matarsa da ɗa guda, kuma kusan babu abin da ya rage na dukiyar.

Kamfanin ya ci gaba, amma reza ta fita daga hannunsa. Da fasalinta ya zama na kowa, masana'antu a ƙasashe da dama suka shiga yin ta, kowace reza tana shiga kowane mariƙi, farashi ya faɗi. Shi ya sa ta iya bin sawun ashana da sabulu da sauran kayan kanti har cikin garuruwa irin Sabon Gari, wadda ta kafu da zuwan jirgin ƙasa a farkon ƙarni na 20. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da rezar da ba ta tsatsa. Mafitar da kamfanin Gillette ya samu ita ce ya daina dogara da abin da kowa ke iya yi. A 1971 ya fito da Trac II, kan aski na roba mai baki biyu wanda ba ya hawa mariƙin kowa sai nasa, a 1998 Mach3 mai baki uku, a 2006 Fusion mai baki biyar. Wanda ya sayi mariƙin ya ɗaure kansa ga kamfani guda. A 2005 Procter & Gamble ya saye kamfanin a kan Dala biliyan 57.

Wannan ɗauri ne ya sa a 'yan shekarun nan maza da yawa a Turai da Amurka suka koma ga mariƙin ƙarfe da reza mai baki biyu, da ruwan ɗumi da kumfar sabulu. Lissafin a fili yake, kuma ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke ƙirga kuɗin abincinsa zai gane shi: mariƙi sau ɗaya ake saya, kuɗin kan aski guda mai baki uku kuwa yakan sayi reza da yawa. Akwai kuma batun fata. Baki da yawa yana jan gashi ya yanke shi ƙasa da fata, gashin baƙar fata kuwa mai nannaɗewa ne, sai ya tsiro ya koma ciki ya haifar da ƙurajen aski. Baki ɗaya da hannu mara nauyi yana rage wannan. Ribar da ta fi duka, wadda Gillette bai yi tunaninta ba, ita ce ta lafiya: sabuwar reza ga kowane mutum tana toshe ɗaya daga cikin hanyoyin yaɗuwar ciwon hanta da ƙanjamau, shi ya sa ma'aikatan lafiya suke jan hankalin wanzamai da masu aski a kanta.

Kamfanin ma ya lura da inda iska ta kaɗa. A 2020 ya fito da sabbin kayan gyaran fuska masu ɗauke da sunan King C. Gillette, cikinsu har da mariƙin ƙarfe mai cin reza mai baki biyu, ɗan'uwan wanda aka sayar guda 51 a 1903.